Ja da Fari, Can Ƙurya

Ranar Talata muka sauko daga ƙauye,
ni da Kaka Séraphine da sandarta.
Mota na ta kwana a cikin kwarin Valais
kamar zaren da ya kuɓuce wa mazari.
Ba ta ce uffan ba har muka iso.

Gidan tarihin tsohuwar rumfar jirage ce,
rufin kwano, sanyin ciki ya fi na waje.
Warin man inji da tsohuwar fata
ya tarbe mu tun daga bakin ƙofa.
Firmin mai gadi ya yaga mana tikiti biyu,
ya ce: kallo da ido, ban da hannu.

Ga su nan sun yi tsit,
kamar dattawan da aka gama jin ta bakinsu.
Wani an rataye shi da igiyar ƙarfe,
hancinsa na shinshinar ƙasa.
Wani farfelarsa ta katako ce,
an goge ta har tana mayar maka da fuskarka a karkace.
A bango akwai taswira mai zanen jan fensir,
da hoton wasu maza cikin rigunan gashin tumaki
suna dariyar abin da ba za mu taɓa sani ba.

Kaka ta wuce su duka.
Sai can ƙurya ta ja birki
gaban wani ɗan mitsitsi, ja da fari,
ƙyalle ne aka ɗame a kan haƙarƙarin ƙarfe,
ƙafafunsa dogayen katakan sulɓi kan ƙanƙara.
Ta ce: shi ne.

Ta ce hunturun nan dusar ƙanƙara ta haɗiye hanya,
ta kai har tagar coci.
Kwana biyu ina naƙuda,
ungozoma ta sauke hannu tana kallon rufi.
Maza suka fita da fitilu suna tattake fili,
mata suka kwashe tokar murhunsu kaf
suka barbaɗa a kan farin,
don mai zuwa daga sama ya gane inda ƙasa take.
Gari na wayewa sai ga ƙugi
ya ratso tsakanin tsaunuka biyu.

Anselme sunansa, gajere, mai karyayyen haƙori.
Ya cire kujerar baya,
aka cusa ni kamar buhun dankali.
Ya ce: riƙe ƙarfen nan,
in tsoro ya kama ki, zage ni.
Na kuwa zage shi, in ji Kaka,
tun daga ƙauye har asibiti,
shi da kakanninsa.
Da azahar na haifi uwarki.

Na sunkuya ina karanta allon da ke ƙasa.
An rubuta nauyinsa, da ƙarfin injinsa,
da iyakar gudunsa, da shekarar ƙira.
Babu toka a ciki.
Babu zagi.
Sunan Anselme na wani bangon daban,
cikin waɗanda tsauni ya riƙe bai mayar ba.

Akwai jar igiya tsakaninmu da jirgin.
Kaka ta miƙo mini sandarta,
ta ɗaga ƙafa a hankali, ta tsallake,
ta kama ƙarfen da hannu biyu.
Na waiga a tsorace.
Firmin ya gan ta sarai.
Sai ya ciro hankici,
ya duƙufa goge gilashin da ba shi da datti.

Da muka fito, rana ta taɓa kan tsaunuka,
wani jirgin zamani na wucewa can sama ba a jin sa.
Kaka ba ta ko ɗaga kai ba.
Ta shinshina tafinta,
ta ce: a da ya fi haka girma.
Sannan ta ce ƙafarta na ciwo,
mu nemi inda ake sayar da shayi.